Yadda Ake Lissafin Kuɗin Saka Na'urar Sanyaya Ɗaki a Gida

Farashin da ke rubuce a jikin kwalin na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da esi, kashi ɗaya ne kawai cikin abin da mai gida zai kashe kafin sanyi ya fara sauka a ɗakinsa. Akwai bututu da waya da maɗorin ƙarfe, akwai ladan mai haɗawa, akwai gyaran wayoyin gida idan sun gaza, sannan akwai kuɗin lantarki da zai riƙa zuwa duk wata har tsawon rayuwar na'urar, wadda kan kai shekara 10 zuwa 15 idan tana samun kulawa. Wanda yake son lissafinsa ya fita daidai, sai ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin ya ba kowa kafin alƙalami.

Abu na farko shi ne irin na'urar. Ta taga ita ce mafi sauƙin kuɗi, domin dunƙule take wuri guda, ba ta buƙatar jan bututu, sai dai tana da ƙara kuma tana cinye taga ko ta sa a fasa bango. Mai gida biyu, wato wadda rabinta ke manne a bangon ɗaki rabinta kuma a waje, ta fi ta tsada a saye da haɗawa, amma ita ce ta fi dacewa da yawancin gidaje. Babbar na'ura mai raba iska ga dukkan ɗakuna ta cikin silin kuwa lissafinta daban ne, saboda idan ba a yi wa gidan hanyoyin iska tun wajen gini ba, aikin fasa silin da shimfiɗa su zai iya yin gogayya da kuɗin na'urar kanta.

Daga nan sai ƙarfi. Ana auna shi da BTU, wato ma'aunin yawan zafin da na'urar ke janyewa daga ɗaki, kuma BTU 12,000 a awa shi ne tan ɗaya na sanyi, kimanin kilowat 3.5. 'Yan kasuwa sun fi ambaton ƙarfin doki: doki ɗaya kan yi daidai da BTU 9,000, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. A auna tsawon ɗakin da faɗinsa, sannan a duba abin da ke ƙara masa zafi, kamar tagogin da rana ke duka da yamma, da rufin kwano marar silin mai kyau, da yawan masu zama a ciki. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ƙara kashi 10 cikin 100 ga ɗakin da rana ke bugu sosai, a ƙara BTU 600 a kan kowane mutum da ya haura biyu, a ƙara 4,000 idan kicin ne. Mutane da yawa kan sayi babba don kada su yi da-na-sani, alhali na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana sanyaya shi da sauri ta mutu, ta sake tashi, ba tare da ta samu lokacin janye laimar iska ba, sai ɗakin ya yi sanyi amma jiki na danƙo. Wadda ta gaza kuma ba ta hutawa, tana shan wuta dare da rana ba ta kai inda ake so ba.

Inda lissafi ya fi ɓacewa mutane shi ne nisan da ke tsakanin rabin ciki da rabin waje. Bututun jan ƙarfe guda biyu ne ke haɗa su, siriri da mai kauri, kowanne da rigar soso da ke hana shi zufa, ga wayar da ke bin su, ga kuma tiyo mai fitar da ruwa. Duk waɗannan da mita ake sayensu. Kamfanoni kan cika na'urar da gas ɗin sanyayawa da zai ishi bututu mai iyakantaccen tsawo, sau da yawa wajen mita 5, kuma an rubuta adadin a littafin da ke cikin kwali. Abin da ya wuce haka sai an ƙara gas gwargwadon kowace mita. Saboda haka, kafin a sayi komai, ya kamata mai gida ya zagaya da mai haɗawa su tsayar da wurin da kowane rabi zai zauna. Idan ana iya ɗora na waje a bayan bangon da na ciki yake, rami ɗaya ya wadatar kuma bututun ba zai wuce 'yan mitoci ba. Idan kuwa ɗakin a tsakiyar gida yake, ko a bene na sama inda sai an kafa abin hawa, kuɗin kaya da na aiki duka za su tashi. Wurin na wajen ya zama mai shan iska, da tazara tsakaninsa da bango, inda hannu zai kai gare shi ranar wanki.

Wutar gida ma tana da nata kason. Na'ura mai gida biyu tana son layinta na kanta tun daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kaurin da ya dace da bireka nata daban. A tsohon gida wannan kan nufi jan sabuwar waya, wani lokaci har da sauya akwatin. Inda wuta ke hawa da sauka, a sa kuɗin sitabilaiza a cikin lissafi tun farko, domin kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas yana zagaya shi cikin bututu, ita ce mafi tsada a cikin na'urar kuma rashin daidaiton wuta na iya kashe ta.

Game da ladan aiki, shawarata ita ce a nemi mutum biyu ko uku su zo su ga gidan da idonsu, kowanne ya rubuta jingarsa dalla-dalla: mita nawa na bututu, kaurin waya, maɗori, huda bango da toshe shi, ƙarin gas, da tsawon garantin aikin hannunsa. Jingar da aka faɗa ta waya a dunƙule ita ce ke haifar da ƙarin kuɗi bayan an riga an huda bango. A kuma tambayi kowannensu ko yana zuƙe iska daga bututun da famfon zuƙa kafin ya saki gas. Wannan aiki ba ya ɗaukar lokaci mai yawa, amma shi ke fitar da iska da laimar da idan suka zauna a ciki za su gurɓata man kwamfuresa su rage sanyi. Wanda ya zo ba shi da wannan famfo, ko ya ce ba dole ba ne, arhar aikinsa za ta dawo da tsada. Haka nan a tsaya a ga ya gwada mahaɗan bututu ko suna yoyo, ya kuma zuba ruwa a tiren na ciki don a tabbatar tiyon ya gangara waje, ba ya zubo wa bango. Wasu kamfanoni ma ba sa karɓar garanti sai ma'aikacin da suka amince da shi ne ya haɗa, don haka a karanta takardar kafin a zaɓi mutum, a kuma adana rasit.

A duba irin gas ɗin da ke rubuce a jikin na'urar. R22 tsohon yayi ne da ake janyewa a duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma samunsa zai ci gaba da wuya, saboda haka tsohuwar na'ura mai arha da ke aiki da shi ba lallai ta zama riba ba. Sababbi suna zuwa da R410A ko R32.

Saura kuɗin wuta, wanda lissafinsa ba shi da wahala. Na'ura mai BTU 12,000 kan ja wajen kilowat 1.1 idan tana aiki da cikakken ƙarfi. Awa 8 a rana har kwana 30 ya kama yunit 264 a wata, sai a ninka da farashin yunit ɗaya da ke kan takardar wuta. Wannan shi ne iyakar sama, tunda kwamfuresa na sassautawa idan ɗaki ya yi sanyi. Mai inbata ta fi tsada a kanti, amma tana rage gudu maimakon ta mutu ta tashi, kuma ba ta fizgar wuta da yawa wajen tashi, abin da ke da muhimmanci ga mai janareta ko sola. Ga ɗakin da ake kwana a ciki kullum, bambancin farashin yana dawowa ta hanyar kuɗin wuta. Ga ɗakin baƙi da ake buɗewa jefi-jefi, marar inbata ta wadatar.

A ware kuma ɗan abin da za a biya ma'aikaci ya wanke ta ciki da waje aƙalla sau ɗaya a shekara, ban da wanke ragar tace ƙura da mai gida zai iya yi da kansa duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Gas ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, domin zagayawa yake yi a rufaffen bututu. Idan aka ce ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma sai an gano wurin an toshe kafin a biya kuɗin ƙari.