Yadda za a kafa ajin yaƙi da jahilci na manya a unguwannin Damagaram

Duk wanda ya taɓa sa hannu wajen buɗe ajin manya a Zinder ya san cewa ranar farko ba ta da wuya. Tabarmi kan cika, mai unguwa ya zo ya sa albarka, a raba littafin rubutu da bik, kowa ya watse da murna. Sai a mako na biyar ko na shida ake gane gaskiyar al'amari, lokacin da mutum talatin suka koma tara, malamin sa kai kuma ya fara aiko da uzuri. Bayanin da ke tafe na ƙungiyar mata ne, ko matasan wata fada, ko kwamitin masallaci, waɗanda ke son ajinsu ya kai ƙarshen rani da ɗalibansa.

Kafin ku sayi ko da alli ɗaya, ku zaga wurin mutanen da kuke son koyarwa, ku tambayi kowannensu wace takarda ce ta taɓa ba shi kunya ko ta jawo masa asara. Tela a Zango zai ce yana riƙe awon mutum goma a kansa gabanin Sallah, har ya haɗa wuyan wannan da hannun wancan. Mai sayar da ƙuli-ƙuli za ta ce idan an turo mata kuɗi, dole ta miƙa wa yaron maƙwabta salularta ya karanta mata saƙon, ga shi kuwa ba ta so kowa ya san abin da ta samu. Wata kuma katin rigakafin ɗanta ne ya dame ta. Ku rubuta waɗannan amsoshi yadda aka faɗe su, domin daga cikinsu ne za a ciro kalmomin da za a fara koyarwa. A wannan zagaye kuma ku gano waɗanda suka yi makarantar allo suna karanta ajami, ku ware su rukuni dabam, saboda hannunsu ya saba da alƙalami kuma sun san cewa kowane baƙi yana da sautinsa. Kiran irin wannan dattijo jahili, a garin da malamai suka daɗe suna rubuta wasiƙun fada, rashin ladabi ne, kuma ita ce hanya mafi sauri ta korar sa daga aji.

Bayan haka sai ku gaida mai unguwa, ku sanar da hukumar kwamin ɗinku cikin biyar da birnin yake da su, sannan ku je ofishin da ke kula da yaƙi da jahilci. Nijar tana da irin wannan ma'aikata tun 1963, kuma akwai cibiyar IFAENF a Yamai da ke horar da jami'anta. Ku nemi littattafan koyon karatu na Hausa, da ɗan horo ga malamanku, da alkawarin cewa za a zo a yi wa ɗalibai jarrabawa a ƙarshe. Ko ba a samu duka ba, sunan ajinku ya shiga rajista.

Horon nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin yawancin masu sa kai sun yi lakwal ne da Faransanci, don haka suna rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci: Zengou a maimakon Zango, Kantché a maimakon Kance. Hausar boko tana da ƙa'idarta, wadda aka tattauna a taron UNESCO na Bamako a 1966, gwamnatin Nijar kuma ta tsayar da ita a 1999. Malamin da bai iya bambanta baki da baƙi a rubuce ba, ko kafa da ƙafa, zai dasa wa ɗalibai kuskuren da zai yi wuyar cirewa. Ku sa masu sa kai su zauna kwana uku ko huɗu suna shifta a kan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kafin su tsaya gaban kowa. Idan kun samo littattafai daga Kano ko Zariya, ku gaya wa ɗalibai cewa 'y da suke gani a ciki shi ne ƴ namu. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa wani ya ɗauka cewa karatu da Hausa ƙaramin karatu ne.

Inda na fi so ku daɗe shi ne lissafi. Mutanenmu gwanaye ne a lissafin ka, amma da dala suke ƙirga, alhali takardar kuɗi da rasit da saƙon salula duk da faran suke magana. Dala ɗaya faran 5 ce, dala ashirin 100, dala ɗari 500, jika ɗaya kuma 1000. Idan malami ya ce wa ɗaliba ta rubuta dala hamsin, za ta rubuta 50, kuma a hankalinta ta yi daidai, sai ta ga 250 a rasit ta ɗauka an cuce ta. Maganin wannan shi ne malami ya zo da kuɗi na gaske, tsaba da takarda, ya baza su a kan tabarma. Ya ɗaga ƙwandalar da aka rubuta wa 25 ya tambayi sunanta, za a amsa masa da dala biyar, sai ya ja layi a tsakiyar allo, ya rubuta 5 a ɓangaren abin da baki ke faɗa, 25 a ɓangaren abin da takarda ke nunawa. Haka za a bi har zuwa jika goma, ana maimaitawa da farashin tiyar gero da kuɗin jarkar ruwa, har ninkawa sau biyar ta zauna. Ranar da ɗaliba ta karanta saƙon kuɗinta da kanta, ba sai an sake aika yaro ya kira ta aji ba.

Lokaci kuwa ɗalibai ne ya kamata su zaɓa. Ku buɗe bayan kaka, ku shirya rufewa kafin ruwan farko, domin da zarar an yi shuka rabin ajin zai tafi gona. Ku bar Alhamis saboda kasuwa, ku rage sa'o'i a watan azumi. A tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ke ƙaranci a Zinder, matar da ta kwana tana jiran famfo ba za ta iya zaman safe ba, don haka tsakanin azahar da la'asar ya fi dacewa da mata, bayan isha kuma ga maza. Zama uku a mako na sa'a biyu biyu ya isa. Zaure ko rumfa ko ajin firamare bayan an tashi duk suna yi, muddin akwai inuwa da randa. Ajin matan aure yana buƙatar malama mace, da yardar mazaje tun farko, da wata yarinya da za ta kula da goyo.

Masu koyarwa za ku same su cikin ɗaliban Jami'ar André Salifou, da malaman makaranta da suka yi ritaya, kuna kuma iya tuntuɓar hukumar ANVD mai kula da aikin sa kai. Kada ku ɗora aji a kan mutum ɗaya. Ku sa biyu, su riƙa karɓa-karɓa, ku rubuta yarjejeniya mai ranar farawa da ranar gamawa, saboda mutum ya fi cika alkawarin wata biyar a kan alkawarin da ba shi da iyaka. Sa kai ba ya hana a biya kuɗin kabu-kabu, kuma a ganina ya fi kyau wannan kuɗi ya fito daga ɗan karo-karon ɗalibai, ko da dala goma ce a mako, maimakon a zauna jiran wata ƙungiya daga waje. Ku tunatar da matashin malami cewa waɗanda ke gabansa iyayensa ne: ya kira su Baba da Inna da Malam, kada ya tsayar da dattijo gaban allo ya yi kuskure a idon sa'o'in ƴaƴansa. Gyara a bi mutum har tabarmarsa a yi masa a hankali.

Daga wata na uku ku fara haɗa karatu da sana'a. Ku gayyaci tela ko makaniki ko baduku ya zo da littafinsa na oda, ɗalibai su gwada rubuta suna da awo da kafin alƙalami da ranar karɓa. Matasan da ke son koyon aikin hannu ku raka su cibiyar koyon sana'o'i ta kwamin, ku tambayi asusun FAFPA shirye-shiryen horon da yake tallafawa, wanda ke neman aikin albashi kuma ku nuna masa ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi. Duk waɗannan wurare suna tambayar takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, saboda haka ku binciki wanda ba shi da su tun da wuri, cika takardar neman su ma darasi ne mai kyau.

Idan an yi jarrabawa an raba takardun shaida, sai a nema wa kowa abin da zai riƙa rubutawa a damina, domin hannun da ya yi wata huɗu bai riƙe bik ba yana mantuwa. Ƙungiyoyin adashi irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, sukan buƙaci mai riƙe littafin zubi, sai a damƙa shi ga ɗaya daga cikin ɗaliban, wata kuma ta riƙa duba mata. A ajiye akwatin littattafai a gidan mai unguwa, da takardar da mai ara zai sa sunansa da hannunsa. Ranar yaƙi da jahilci ta duniya, 8 ga Satumba, tana zuwa ne gero na gab da nuna, kuma a ranar ce ya dace a tara tsofaffin ɗalibai, a ba su rajista su rubuta sunayen waɗanda za su shiga aji bayan kaka.