Babi na 4: Yadda ake karanta takardar hoton ƙaramin ciki

Darasi na 1: Daga ina ake fara ƙirge?

Mata da yawa kan fito daga ɗakin hoto hankali a tashe, wai an ce ɗan tayi bai kai girman satinsa ba. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, mu fara duba lissafi.

Ana ƙirga kwanakin ciki daga ranar farko da jinin al'adarki ta ƙarshe ya zo. Ranar da ya fara zuwa, ba ranar da ya ɗauke ba, ba kuma ranar saduwa ba. Sake karantawa a hankali: ranar da ya fara.

Gwada wannan. Jini ya fara 1 ga Maris, an yi hoto 12 ga Afrilu. Kwana 42 ke nan. Raba da 7, sati 6. Idan kin sami ƙasa da haka, daga ranar ɗaukewa kika ƙirga. Ba komai, kusan kowa nan yake tuntuɓe. Koma ranar farko.

Darasi na 2: Haruffan da ke kan takarda

Idan kin ga GA 6w3d, GA na nufin kwanakin ciki, harafin w sati ne, d kwana. Wato sati 6 da kwana 3. CRL kuwa tsawon tayi ne daga kai zuwa mazaunai, da milimita, wato tazarar ƙananan layukan nan biyu na jikin rula. A sati 6 yakan kai milimita 4 zuwa 5, a sati 7 kusan 10, a sati 8 kusan 16. Kullum yana ƙara kusan milimita 1, don haka in awo ya kauce da milimita 3, lissafi ya kauce da kwana 3. Bambancin kwana 5 zuwa 7 abu ne da aka saba gani.

Mai al'adar kwana 28 takan saki ƙwai wajen rana ta 14, mai ta kwana 35 sai wajen rana ta 21. Tayin mai ta kwana 35 zai zo da ƙarancin sati guda, alhali lafiyarsa lau. Su ma waɗannan ranaku, daga ina aka ƙirgo su? Daga ranar farko. An faɗa an maimaita, amma har yanzu wasu sai su ce wa likita "wajen tsakiyar wata ne". Wannan sakaci ne. Ki riƙa rubuta ranar a kalanda.

Darasi na 3: In ba a ga bugun zuciya ba

Kafin sati 6 sau da yawa ba a ganinsa, balle in ta saman mara aka ɗauki hoton. Za a ce ki dawo bayan kwana 7 zuwa 14. Ki jira, kada ki sha wani magani da kanki. Yawanci likita ba ya tabbatar da ɓari sai tayi ya kai milimita 7 babu bugu a hoton da aka ɗauka ta cikin al'aura, ko an sake hoto ba ci gaba.

Darasi na 4: Alamun haɗari

Zubar jini mai yawa, ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, jiri ko suma. Ki tafi asibiti nan take, yana iya zama ciki a wajen mahaifa.