Yadda Za Ki Adana Muryar Kakarki

Ni a ƙauyenmu na wajen Ringim na fara, da wayata kawai. Ki je bayan la'asar, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Iya, zan ɗauki muryarki, kin yarda?" Kada ki tsare ta da tambayoyi. Miƙa mata taɓarya, waƙar daka za ta zo da kanta. Tawa sai da ta riƙe mazari ta tuno ƙawayenta na kaɗi, har da hawaye. Ki rubuta sunanta, garinsu da ranar. Takardun ajamin cikin adakarta kuwa, ki ɗauke su hoto yau. Gara ta cinye mana rabi. Sannan ki kai kwafi Sashen Harsunan Nijeriya, Jami'ar Bayero.