Yadda ake kwashe kayan bagade ranar Alhamis ta Mako Mai Tsarki

Masu hidima a ikilisiyoyin Lutheran sun sha tambayata yadda ake wannan aikin bayan Jibin Ubangiji. Ga shi bi da bi.

1. Tun kafin sujada, ku gaya wa kowane mai hidima abin da zai ɗauka.
2. Ku share tebur a ɗakin ajiya.
3. Ku jira a fara karanta Zabura 22.
4. Ku fara fitar da ƙoƙo da farantin gurasa.

Hattara: ragowar ruwan inabin Jibi ba a zuba shi a kwata. A shanye, ko a zuba a ƙasa mai tsabta.

5. Ku kashe kyandir.
6. Ku dakata kakin ya daskare. A nan aka fi yin ɓarna, domin in ya ɗiga a farin mayafi, fitar da shi sai an sha wuya.
7. Ku ɗauke kyandir da littattafai.
8. Mutum biyu su naɗe mayafin bagade a hankali, ba fizga.
9. Jama'a su fita ba waƙa, tunda sujadar za ta ci gaba ranar Jumma'a.
10. Ku wanke fararen mayafai ranar Asabar domin Ista.