Yadda ake haɗa labarin zane na yaran kirki da dodon wata duniya

Labarin zane mai haɗa tsoro da dariya yana tsayawa ne a kan abu guda: kowane ɓangare ya riƙe halinsa har shafin ƙarshe. Yaran su ci gaba da zama yaran kirki, damuwarsu jarabawa, kuɗin data da faɗan Inna idan an yi dare a waje. Dodon kuma ya ci gaba da zama abin tsoro na gaske. Da zarar ka mai da dodon wawa don a yi dariya, ko ka mai da yaran gwarazan yaƙi, aikin ya rushe, ba tsoron ba dariyar.

An gwada wannan a Amurka a 2015, lokacin da kamfanonin Archie Comics da Dark Horse suka fitar da Archie vs. Predator a kashi huɗu. Alex de Campi ce ta rubuta, Fernando Ruiz ya zana. Archie da abokansa sun fara fitowa tun 1941, masu karatu sun san su da soyayyar makaranta da barkwanci marar cutarwa, shi kuwa Predator, dodon wata duniya mai farautar mutane, daga fim ɗin 1987 mai wannan suna aka ɗauko shi. Abin koyi a nan shi ne mai zanen bai sauya salo ba. Da layinsa mai tsabta da fuskokin nan masu fara'a ya zana ɓarnar, kuma hakan ne ya sa abin ya kama mutane. Waɗannan halittu suna da masu su, doka ta kare su, don haka dabarar za ka ɗauka, yara da dodo kuwa naka za ka ƙirƙiro.

Yaran

Biyar sun isa. Idan sun wuce haka, shafi ya cushe, mai karatu ya kasa bambance su. Ka ba kowanne buri ɗaya da ba ya sakewa ko ana ha maza ha mata. A ce Lawali yana tara kuɗin sayen waya, Hadiza tana haddar da za ta kai wa malam, Basiru mai ci ne, Nafisa tana lura da ƙanenta da aka ba ta amana, Sa'adu kuma yana neman hanyar da zai yi wa Hadiza magana ya kasa. Daga waɗannan burace-buracen dariya za ta fito, ba sai ka nemo barkwanci daga waje ka liƙa ba.

Kafin ka fara shafi ko ɗaya, zana kowannensu ta gaba, ta gefe da ta baya a takarda guda, ka jera su don tsawonsu ya tabbata. Sannan ka cike siffar kowa da baƙi gaba ɗaya. Idan ba a gane wane ne ba daga inuwar kawai, sauya hula, tsawon hijabi, faɗin kafaɗa ko abin da yake riƙewa. Rabin labarin da dare zai faru, inuwar ce za ta yi maka aiki.

Akwai tambayar da mai karatu a Birnin Kebbi ko Gusau zai yi nan take: me ya fitar da waɗannan yara da dare, musamman 'yan matan? Idan ba ka amsa ba, ba zai yarda da sauran ba. Islamiyyar dare tana amsawa, hidimar biki ma haka. Amma mafi amfani a ganinmu shi ne tashe, wanda yara ke farawa bayan azumi ya kai goma. Ga yara a titi da izinin iyaye, ga shigar ban dariya, ga duhu. Dodon zai iya tsayawa a ƙofar gida, mai gida ya ɗauka ɗan tashe ne ya miƙa masa sadaka yana yaba shigar. Mai karatu ya san gaskiya, mai gidan bai sani ba, shi kuma dodon bai yi wani abin dariya ba, tsaye kawai yake yana kallo.

Dodon

Kada ka mai da shi aljani. Idan aljani ne, mai karatu ya riga ya san maganin abin, zai ce a kira malam a yi ruƙiyya, kuma ka shiga maganar addini da labarin barkwanci bai kamata ya taɓa ba. Kada kuma ya zama Dodon tatsuniya wanda Gizo ke yi wa wayo. Naka halitta ce mai jiki, ta sauko daga wata duniya, tana jin yunwa, tana barin sawu, ana iya ji mata ciwo. Ka nuna inda abin hawanta ya faɗi, misali wani ƙonannen da'ira a tsakiyar gonar shinkafa a fadamar Argungu, tun a farkon labari.

Wajen siffa, ɗauki halittu biyu da mutane suka sani ka gauraya: gashin bakin tarwaɗa da ƙafafun kunama, ko fatar kada da idon ƙwaro. Uku sun yi yawa, kuma ka tuna sau arba'in ko fiye za ka zana shi. Duk ƙaya da ƙusumbin da ka ƙara yau, gobe sai ka maimaita su a kowane akwati, wato gidan hoto ɗaya a cikin shafi.

Sai ƙa'idoji. Rubuta uku a takarda ka manna a bango: me yake nema, ta yaya yake gano mutum, me ke korar sa. Misali, yana bin duk wayar da ke kunne, hayaƙin barkono kuma yana makantar da shi. Ƙa'ida ta farko ta ba ka dariya kyauta, domin Lawali ba zai iya kashe wayar da ya aro ba. Ta barkonon kuwa dole ka dasa ta da wuri, a shafi na 3 ko na 4, inda ake suyar barkono kowa yana tari, ba tare da ka ja hankali a kai ba. Idan maganin ya faɗo daga sama a shafi na 22, mai karatu zai ji an cuce shi. Kuma ƙa'idar da ka kafa ba a karya ta, ko da ta matse ka.

Wani abu da ba wasa a cikinsa: a Zamfara da Kebbi an sace ɗalibai da gaske, a Jangebe da Birnin Yauri a 2021, kuma iyalai da yawa suna ɗauke da wannan ciwon. Kada dodonka ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai da dare ya kwashi yara zuwa daji. Kada a ga babura, bindiga ko neman fansa. Abin da mutane ke fuskanta a zahiri ba kayan nishaɗi ba ne. Bar ɓarnar a bakin gulbi, cikin kasuwa bayan an tashi, ko a gindin dutsen Kwatarkwashi, kuma ta kasance irin wadda ba mahaluƙin da zai iya yin ta sai baƙon wata duniya.

Tsarin shafuka

Ɗan littafin da ake naɗewa a buga masa fil a tsakiya dole yawan shafukansa ya rabu da 4. Shafi 24 ya dace da mai farawa: takardar A4 guda 6, kowace an naɗe ta biyu ta zama A5, sai bango daban.

Shafi na 1 yana hannun dama. Ke nan duk shafi mai lambar mara (1, 3, 5) yana dama, mai lambar cika (2, 4, 6) yana hagu, kuma shi ne ake fara gani idan an juya. Wannan ita ce babbar dabarar tsoro a takarda. Akwatin ƙarshe na shafin dama ya zama tambaya: hannu a kan ƙyauren ɗaki, Nafisa ta waiwaya, tocila ta haska wani abu da ba mu gani ba. Amsar ta jira a shafin hagu bayan an juya. Masu farawa da yawa suna sa fuskar dodon a shafin dama, ido kuwa ya riga ya hango ta tun ana karanta na hagu, firgitar ta mutu.

Shafi na 1 zuwa 5, rayuwar yau da kullum da alama ɗaya ko biyu: ragon maƙwabta ya ɓace, an ga sawun da ba a san na mene ne ba. Daga 6 zuwa 11, sassan jiki kawai: ƙafa, inuwa a katanga, ido a cikin rijiya. Cikakken jikinsa ya jira shafi na 12 da 13. Dalilin zaɓen nan na aiki ne: su kaɗai ne shafuka biyu masu fuskantar juna da ke kan takarda guda, don haka hoto ɗaya babba zai ratsa su ba tare da ya goce a tsakiya ba. Daga 14 zuwa 20 gudu da asara, 21 zuwa 24 dabarar yaran da abin da ya biyo baya.

Asarar ta zama ta gaske. Idan ba wanda abin ya taɓa, ba mai jin tsoro. Ba sai ka zuba jini ba: takalmi ɗaya a bakin ruwa, farantin talla a kife, goran masunci yana yawo shi kaɗai a gulbi, sun fi jini aiki, kuma iyaye za su bar littafin ya shiga gida. A akwatin da aka yi rashi da wanda ke bin sa, ba barkwanci. Ka bar akwati ɗaya shiru, ba magana ko kaɗan, kafin dariya ta dawo.

Akwati biyar ko shida a shafi sun wadatar. Dariya tana son akwatuna masu girma ɗaya a jere: a faɗi magana, a yi shiru, a mayar da martani. Tsoro yana son su yi ta ƙanƙancewa sannan babba ya buɗe.

Magana da sauti

Da'irar magana kada ta wuce kalma 20 zuwa 25, kuma biyu ko uku a akwati. Fara rubuta maganar, sannan ka zagaye ta, sannan ka yi zanen. Wanda ya fara zane yakan ƙare da matse rubutu a lungu. Wanda zai fara magana ya tsaya a hagu.

Bar yaran su yi maganar gida. Ɗan Argungu ko Talata Mafara zai ce "Mi an nan?", "munka gan shi", "wanga abu", kuma zai kira yayarsa da iyayensa yadda ake kira a gidansu. Sautuka ma namu sun isa: tim, ƙwas, wuf, caraf, tsulum, rugugum, tsit. Zana su da hannu, kaurin harafi ya bi ƙarfin sautin. Dodon kada ya yi Hausa. Ƙirƙiro masa 'yan alamomi da ba mai iya karantawa, ko ka bar shi shiru.

Idan a kwamfuta ko waya za ka yi rubutun, da manhajar zane irin Krita ko ibisPaint ko MediBang, gwada ɓ, ɗ, ƙ da manyansu tun kafin ka zaɓi samfurin haruffa. Da yawa ba su da su, sai ka ga ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wani salo daban.

Kayan aiki da bugawa

Zana a farin kwali mai santsi da aka yanka daidai A4. Takardar fotokwafi tana shan tawada, tana kuma yagewa wajen gogewa. Fensir 2H ko HB, da hannu marar nauyi. Alƙaluman tawada, mai bakin milimita 0.3 na fuska da rubutu, 0.5 na jiki, 0.8 na iyakar akwati, sai maka baƙa ta cike duhu. Daga A4 zuwa A5 ana rage hoto zuwa kashi 71 cikin 100, saboda haka layin 0.1 yakan ɓace, harafin da bai kai milimita 4 ba kuma ya yi wuyar karantawa. Bar santimita 1.5 a kowane gefe da milimita 5 tsakanin akwatuna. Lokacin zafi sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka saboda gumi, lokacin hunturu kuma rufe alƙalami duk sanda ka ajiye, don busasshiyar iska tana kashe bakinsa. Ba tawada minti goma kafin ka goge fensir.

Dare shi ne inda aka fi faɗuwa. Inuwar fensir tana fitowa dabbare-dabbare a injin fotokwafi, baƙi mai faɗi kuma yana fitowa da zane-zanen fari idan tawadar injin ta yi ƙasa. Yi duhu da layuka masu giciye, ka bar baƙi tsantsa ga jikin dodon da inuwa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na shafi. A kowane akwati ka san inda haske ke fitowa, tocila ce, wata ne ko fitilar mai shayi, inuwa ta faɗi a ɗaya gefen.

A yi sikanin baƙi da fari a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci), bango mai launi a 300. Wajen jera shafuka, lambobin kowane biyu da ke fuska ɗaya su haɗu su ba da 25, mai lambar cika a hagu: 24 da 1, a bayansu 2 da 23, takarda ta gaba 22 da 3, a bayansu 4 da 21, har zuwa 12 da 13. Naɗe farar takarda 6 ka rubuta lambobin da hannu ka kai wa mai shago, ya fi dogon bayani. Ciki takarda mai nauyin giram 80, don 70 tana nuna baƙin bayanta. Bango kwali mai giram 160 zuwa 200. Sitefular ofis ba ta kai tsakiya, sai mai dogon hannu, fil biyu, bakinsu ya naɗe ta ciki.

Buga kwafi ɗaya tak da farko. Ba wa yaro ɗan sakandare da babba ɗaya su karanta a gabanka ba tare da ka yi bayani ba. Inda suka koma baya, jerin akwatunan ne ya rikice. Inda suka juya shafi da sauri, ka bar shi yadda yake. Idan kuma ta WhatsApp za ka raba, tura shi a matsayin fayil ɗin PDF, shafi ɗaya-ɗaya a jere daga 1 zuwa 24, domin hoton da aka tura kai tsaye ana matse shi har ƙananan haruffa su dushe.