Darasi na 9: Yadda ake daɓen tarazo

Wanda ya saba shiga tsofaffin asibitoci, masallatai da ofisoshin gwamnati a Garwa, Marwa ko Injamena ya taka wani irin daɓe mai santsi da sanyi, mai ɗigo-ɗigon duwatsu kamar gashin zabuwa. Magina na ɓangaren Najeriya suna ce masa tarazo. A Kamaru da Chadi, idan kun je sayen kayansa, sunan da za ku fi ji shi ne granito. Abu ɗaya ne. Asalinsa daga Italiya yake, yankin birnin Venis, inda ma'aikatan dutse suke tattara ɓarɓashin mabul da ya rage a wurin aiki su daɓe tsakar gidajensu da shi.

Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Iyayenmu mata suna zuba tsakuwa a ɗaki, su yayyafa ruwan makuba, su buga da madaɓi har ƙasa ta yi sheƙi. Tarazo ƙanin wannan daɓen ne, sai dai siminti ya karɓi wurin makuba, injin guga ya ƙarasa abin da madaɓi ya fara.

Kayan aiki

Dutse. Mabul ya fi daɗin aiki, domin yana guguwa da sauƙi kuma yana sheƙi. Akwai shi a arewacin Kamaru, wajen Figil da Bidzar, kuma a Figil ɗin ne masana'antar siminti take. Ana fasa shi a tankaɗe, a sayar a buhu gwargwadon girmansa: ƙanana daga milimita 3 zuwa 6, matsakaita daga 6 zuwa 10. A gauraya biyun, domin ƙananan su cike tsakanin manyan. Kada a haɗa dutse mai taushi da mai tauri ƙwarai a daɓe ɗaya. Injin zai cinye mai taushin ya bar mai taurin a tsaye, ƙafa ta riƙa jin tudu da kwari. A wanke dutsen kafin a kwaɓa, saboda ƙurar da ke jikinsa tana hana siminti kama shi.

Siminti da kala. Simintin gini na yau da kullum yana ba da launin toka. Mai son ja, kore ko rawaya mai haske sai ya nemi farin siminti, wanda ya fi tsada. Kalar kuwa garin kala ne na siminti, ba fenti ba. Kada ya wuce kilo 2 da rabi a buhu mai kilo 50, domin yawansa yana raunana daɓen.

Yashi. Na kogi mai kaushi, irin wanda ake ɗebowa a Binuwai, Logon, Shari ko rafukan Marwa da ake kira mayo. Ku gwada shi: ku zuba yashi rabin kwalba, ku cika da ruwa, ku girgiza, ku ajiye ya kwana. Idan laka ta kwanta a saman yashin da kaurin da ya kai yatsa, a wanke shi ko a sake wani.

Shinge. Waɗannan siraran tsinkaye ne na tagulla, alminiyom, gilashi ko roba mai tauri, da ake kafawa a tsaye su raba daɓen gida-gida. Mutane da yawa suna zaton ado ne kawai. Aikinsu ya wuce ado, za mu dawo kansu.

Sai cebur, baro, cokalin gini, miƙaƙƙen katako ko ƙarfe na share daɓe, igiya, tiyo mai ruwa na ɗaukar lebur, da abin birgima mai nauyi. Wanda ba shi da shi yana iya cika guntun faffaɗan bututun ƙarfe da kankare.

Ƙasan da za a ɗora daɓen

Tarazo fata ce, kauri bai wuce santimita 1 da rabi ba. Duk abin da ƙasansa ya yi, shi ma zai yi. A nan yankinmu yake da matsalarsa ta musamman, wato baƙar ƙasar laka da Fulani ke kira karal, wadda ta cika filayen Marwa, Kuseri da kewayen Injamena. Da damina tana shan ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsattsage har hannu ya shiga. Wanda ya zuba kankare kai tsaye a kanta, ko da mabul mafi tsada ya rufe shi, zai ga tsaga ta ratsa ɗakin. A kwashe lakar, a cika da jar ƙasa mai tsakuwa hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15, a jiƙa a daka sosai kafin a ƙara wani. A shimfiɗa leda don tare danshi, sannan a zuba kankare mai kaurin santimita 8 zuwa 10. A irin wannan ƙasar ragar ƙarfe a cikin kankaren ba almubazzaranci ba ce.

Kada a goge saman kankaren ya yi santsi. A bar shi da kaushi, abin da za a ɗora ya sami wurin riƙewa. Idan tsohon daɓen siminti ne, a sassare shi da kurfi, a wanke mai da ƙura, a jiƙa shi tun daren jiya.

Ɗaukar lebur da kafa shinge

Da tiyo mai ruwa a sa alama a kowace kusurwa, mita 1 daga inda ake son saman daɓen ya tsaya, a ja layi ya zagaye bangon. Duk awon da za a yi daga wannan layin za a ɗauke shi. A banɗaki da kicin a ba daɓen gangara ta santimita 1 a kowace mita zuwa magudana.

Sai shimfiɗar ƙasa: awo 1 na siminti, awo 4 na yashi, ruwa kaɗan, yadda in an dunƙula a hannu zai tsaya ba tare da ɗiga ba. Kaurinta santimita 2 da rabi zuwa 3. Tun tana ɗanya a ja igiya, a tsaga ta da bakin cokali, a dasa shingen, a bar santimita 1 da rabi a waje. Saman shingen shi ne saman daɓen, don haka a bi kowanne da awo.

Ga dalilin shinge. Siminti yana ƙanƙancewa idan yana bushewa, kuma yana motsi tsakanin zafin Afrilu da sanyin Janairu. Tsagewa ba makawa ce. Shinge yana zaɓa wa tsagar hanya, ta bi gefensa inda ido ba zai gan ta ba. Saboda haka kada gida ɗaya ya wuce mita 1 ko mita 1 da santimita 20 a kowane gefe. A sa shinge a bakin kowace ƙofa, a kewayen ginshiƙi, da daidai kan duk wani mahaɗi da ke cikin kankaren ƙasa. Mai gida da ya ce a rage shinge don ɗaki ya fi faɗi a ido, a yi masa bayani da kyau, domin shi zai zauna da tsagar.

Kwaɓi da zubi

Awon shi ne buhu 1 na siminti ga kilo 100 na dutse, da ruwa wajen lita 20 zuwa 22. Wannan kwaɓin yana rufe kusan murabba'in mita 5 a kaurin santimita 1 da rabi. Ɗaki mai mita 4 a tsawo, 3 a faɗi, murabba'in mita 12 ne. Zai ci buhu 3 na siminti da kilo 300 na dutse a sama, buhu 3 da baro 7 na yashi a shimfiɗar ƙasa, da shinge mita 17 idan gidajen na mita 1 ne. A ƙara buhun dutse ɗaya don yayyafi.

A fara gauraya garin kala da siminti a bushe, na ɗakin gaba ɗaya a lokaci guda, har launin ya zama ɗaya, a ajiye ragowar don cike ramuka bayan guga. Wanda yake auna kala da ido a kowane kwaɓi zai sami ɗaki mai launi uku. Bayan haka a zuba dutse, a juya, ruwa ya zo daga ƙarshe. A auna ruwan da bokiti ɗaya kowane lokaci. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin ja, amma ruwa mai yawa yana sa dutse ya nutse ƙasa, siminti ya taso sama, daga baya fuskar daɓen ta yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo.

A yi zubin washegarin shimfiɗar ƙasa, kafin ta bushe. A jiƙa ta, a shafa kunun siminti mai launin daɓen, a zuba kwaɓin tun kunun yana ɗanye. Idan kunun ya bushe kafin zubi, maimakon ya haɗa biyun sai ya raba su. A cika gida-gida, a share da katako bisa shinge, a yayyafa busasshen dutse inda ya yi ƙaranci, sannan a bi da abin birgima tsaye da kwance har duwatsun su matsu, ruwan siminti ya taso. A lallaɓa da cokali sau ɗaya, a bari. Daɓe mai kyau, idan an goge, dutse ne ya kamata ya rufe kashi 7 cikin 10 na fuskarsa.

A watannin Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a garuruwanmu. A fara zubi bayan sallar asuba, a tsaya kafin rana ta take. Da hunturu a rufe tagogi, iskar tana shanye ruwan daɓen tun bai kama ba.

Ban ruwa

Siminti ba bushewa yake sa shi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Washegari a rufe daɓen da jiƙaƙƙun buhuna ko leda, ko a tare bakin ƙofa a kwantar da ruwa. Kwana 7, kada ya bushe ko sau ɗaya.

Guga

A nan ake gane gwani. Har zuwa yanzu daɓen siminti ne kawai, dutse bai fito ba. Injin guga yana juya duwatsun karborandum a ƙarƙashinsa, kowane dutse da lambarsa: ƙaramar lamba mai kaushi ce, babba mai laushi.

Kafin a shiga tsakiyar ɗaki a gwada a lungu. Idan duwatsu suna ɓallewa suna barin rami, daɓen bai nuna ba, a ƙara masa kwana biyu. Jinkiri mai yawa ma yana da nasa: daɓen da ya yi wata guda ya yi tauri, zai cinye duwatsun injin da lokacin mai aiki.

A fara da lamba 24 ko 36, ruwa yana gudana a ƙarƙashin injin koyaushe. A riƙa tafiya da shi a hankali, hagu da dama, sannan a ratsa. Kada a tsaya wuri ɗaya, injin zai haƙa kwari, kuma kwarin da aka haƙa ba ya cikuwa, duk ranar da aka wanke ɗakin a nan ruwa zai kwanta. Wannan gugar tana cin milimita 2 zuwa 3, har duwatsu da kan shinge su bayyana sarai. A bi da lamba 60 ko 80 don share zanen da na farko ya bari. Gindin bango da matakala, inda babban injin ba ya kaiwa, sai ƙaramin inji ko dutse a hannu.

A wanke tas. Za a ga ƙananan ramuka kamar na allura, wuraren da iska ta maƙale a kwaɓi. A dama siminti da kalar nan da aka ajiye ragowarta, a cusa da cokali a ko'ina, a ba shi ruwa kwana 3. Masu gaggawa suna tsallake wannan matakin, bayan 'yan watanni datti ya cika ramukan, daɓen ya yi baƙin ɗigo da ba ya wankuwa. Sai guga ta ƙarshe da lamba 120, a ƙare da 220 ko sama da haka ga mai son sheƙi sosai. Daga nan a yayyafa garin asid ɗin da ake kira okzalik, kamar giram 30 a murabba'in mita, a jiƙa, a goge da tsumma mai kauri, a wanke da ruwa mai yawa. In ya bushe sarai a shafa kakin daɓe sama-sama. Banda banɗaki, domin kaki da ruwa suna kayar da mutum.

Kunun da guga ke fitarwa a kwashe shi da bokiti a zubar a rami. In ya shiga magudana zai toshe ta.

Tsaron lafiya

Injin guga wuta ne da ruwa a wuri ɗaya. A rataye wayar sama, kada mahaɗinta ya taɓa ƙasa, mai aiki ya sa takalmin roba mai tsawo. Ɗanyen siminti yana ƙona fata, a sa safar hannu. Guga a bushe tana tayar da ƙurar da ke lalata huhu sannu a hankali, don haka ko da ƙaramin inji ne a zuba ruwa, a rufe hanci. Okzalik guba ne, kuma kamarsa ɗaya da sukari: a ɓoye shi daga yara.

Gane aiki mai kyau, da kula da shi

Mai gida ya ɗauki guntun ƙarfe ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, sama bai kama ƙasa ba, kuma nan zai fara fashewa. Gyaransa shi ne a fasa wannan gidan kaɗai daga shinge zuwa shinge a sake zubawa. Ya watsa ruwa bokiti ɗaya ya ga inda zai taru. Ya duba gindin bango, can ne malalacin mai guga yake barin kaushi.

Wanki kuwa ruwa ne da sabulu kaɗan. Mabul ba ya shiri da tsami: ruwan wanke masai mai asid, lemun tsami, ruwan tsamiya, duk suna cin fuskarsa su kashe sheƙin. Manja, zoɓo da tofin goro a goge su nan take kafin su shiga jikin simintin. Idan shekaru suka dusashe shi, ba a fasawa, a kira mai inji ya sake bi da dutse mai laushi.

Aikin gida

Ku auna tsawo da faɗin ɗakin da kuke kwana. Ku fitar da murabba'in mitocinsa. Buhun siminti nawa da kilon dutse nawa saman daɓen zai ci? Ku zana ɗakin a takarda, ku raba shi gida-gida na mita 1, ku ƙirga mita nawa na shinge za ku saya, kada ku manta da bakin ƙofa. Ku kuma kawo yashin unguwarku a kwalba, za mu gwada shi a aji.