Gida a Faransa kana cikin watannin gwaji: bari takarda ta fito tukuna

Muna zaune a fada nan Tawa bayan la'asar, shayi na biyu bai ma sauka ba, sai ɗan ƙanwata ya kira daga Liyon ta Faransa. "Kawu, ku taya ni murna, na samu aiki, CDI ne, wato kwantiragi marar wa'adi. Kuma na ga wani gida." Na yi masa barka, sannan na ce yaushe ka fara? Ya ce sati biyar ke nan. Sai na tashi na koma gindin bedi don mu yi magana a tsanake, domin na yi shekaru a can kafin in dawo, na san inda ake tuntuɓe.

Mu mutanen Adar ba a koya mana son gini. Duk wanda ya tafi biɗa, ko Abijan ko Libiya, da ginin da ya tayar ake auna shi. To amma gida a Faransa ba irin namu ba ne da za ka sayi fili, ka buga bulo bana, ka yi rufi baɗi. Can bashin banki ne na shekara 20 ko 25, kuma banki ba ya duba ƙwazonka, takarda yake dubawa.

CDI ɗin da kake murna da shi bai zauna ba sai gwaji ya ƙare. Dokar aiki ta sa wata 2 ga leburori da ƙananan ma'aikata, wata 3 ga masu aikin fasaha da shugabannin sashe, wata 4 ga manyan ma'aikata. Ana iya sabunta shi sau ɗaya in yarjejeniyar sana'arku da kwantiraginka sun yarda, ya zama 4, 6 ko 8. A cikin wannan lokaci mai aiki zai iya sallamarka ba tare da ya kawo dalili ba. In ka wuce wata ɗaya amma ba ka kai uku ba, sanarwar sati biyu kawai kake binsa. Shi ya sa yawancin bankuna, da sun ga ranar da ka fara aiki, sai su ce ka dawo da shaida daga wurin aikinka cewa an tabbatar da kai. Ba wulaƙanci ba ne, ko Bafaranshe haka ake masa. Akwai waɗanda ake ɗaga wa ƙafa, kamar wanda matarsa ke da tabbataccen aiki, amma sabon zuwa mai katin zama na shekara ɗaya kada ya sa rai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sa hannu a yarjejeniyar farko ta ciniki da gaggawa. Dillali zai ce wasu na layi. Ka sa hannu, ka ajiye kafin alƙalami, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin gidan. Doka ta ba ka kwana 10 ka janye ba tare da asara ba. Bayan nan abin da ke kare ka shi ne sharaɗin cewa in banki ya hana bashi, ciniki ya warware a mayar maka da kuɗinka. Wa'adinsa ba ya gaza wata ɗaya, an fi sa kwana 45 zuwa 60. Kada ka yarda a cire shi, ko mai gidan ya rantse zai rage maka kuɗi. Kuma ka nemi bashin daidai yadda aka rubuta, ka karɓi wasiƙar ƙi a hannu in an ƙi. Wanda ya yi sakaci da wannan, kafin alƙalaminsa na iya tafiya.

Na ce wa yaron ya ɗauko biro. Tun 2022 ƙa'ida ta ɗaure bankuna: abin da za ka riƙa biya duk wata, har da inshora, kada ya wuce kashi 35 cikin ɗari na abin da ke shigo maka. Mai karɓar yuro 2,400 ke nan iyakarsa 840. Sannan ga kuɗin noter, wanda ke rubuta cinikin ya karɓi harajin gwamnati: kashi 7 zuwa 8 a tsohon gida, 2 zuwa 3 a sabo. Gidan yuro 180,000 zai ci maka wajen 14,000, sama da sefa miliyan 9, kuma an fi so su fito daga aljihunka. Ya yi shiru, har na ɗauka layi ne ya yanke.

Watannin gwajin nan ka yi aiki da su. Banki zai nemi takardun albashi uku na ƙarshe, bayanan asusunka na wata uku, da takardar haraji. Kada asusu ya faɗa ƙasa da sifiri ko sau ɗaya. Aiken gida ba laifi ba ne, amma ka tsayar masa da adadi da rana, maimakon yau 50, jibi 300 don an kira ka ana suna. Kuɗin adashi kuma, ko na filin da aka sayar maka a Yamai, su biyo ta banki da takardunsu, don za a tambaye ka asalinsu. Kuɗin da aka ƙunso a ambulan ba su da baki.

Batun riba kuwa ba ni zan yanke maka ba. Ka zauna da malamin da ya san zaman Turai tun kafin ka fara yawon duba gidaje, ba sai takarda na gabanka ba.

Ya ce, "To Kawu, in wani ya riga ni fa?" Na ce ya riga ka. Na tambaye shi ranar da gwajin zai ƙare, ya duba kwantiragi ya karanto mini, har da layin sabuntawar da bai taɓa lura da shi ba. Da na koma tabarma an riga an wanke kofuna.